Wuƙa Ta Uku

Da yammacin Litinin Baba ya ɗaura sababbin wuƙaƙe a injin fere katako, kamar yadda ya saba yi shekara talatin da ɗoriya, kowa a shagon yana gani. Abin da ba wanda ya gani shi ne na safiyar Talata.

Babban ɗansa, wanda gida da shago suke kira Magaji, shi ya riga kowa zuwa. Aikin ƙofofin wata makaranta ya taso shi gaba, ya ce bari ya rage kafin ma'aikata su iso. Ya ɗauko wani tsohon katako da aka ciro daga rufin gini, bai tsaya duba shi ba, ya tura wa inji. Ashe akwai guntun ƙusa a ciki. Ya ji ƙas, ya kashe injin, ya buɗe murfi. Wuƙaƙe uku ne a jikin gangar ƙarfen da ke juyawa, kowace an danne ta da ƙarfe mai noti biyar. Bakin ta ukun ya gutsure.

Ba asarar wuƙar ce ta dame shi ba, idon Baba ne. Sau nawa tsohon yana faɗa masa kada tsohon katako ya shiga inji sai an bi shi da ido da hannu. Magaji, mai shekara arba'in da biyu, mai 'ya'ya huɗu, wanda ragamar shagon take hannunsa, ya ji ba zai iya tsayawa a gaban ma'aikata a yi masa wannan kallon ba. Ya kwance wuƙar da sauri, ya ɗauko wata daga cikin na ajiya ya zura. Ya ɗaure noti uku, waya ta yi ƙara. Mai ƙofofin ne, yana ta faɗa a kan jinkiri. Magaji ya maƙale wayar a kafaɗa yana ba da haƙuri, hannunsa ya rufe murfin. Wuƙar da ta gutsure kuwa ya cusa ta cikin waɗanda za a kai wa mai washi.

Wajen ƙarfe goma Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a shagon bayan Baba, yana karɓar katako a bayan injin. Ƙarar injin ta sauya, sai aka ji kamar an harba bindiga. Wuƙar ta zame ta daki ƙarfe ta tarwatse, wani yanki ya fito ya yanki Dogo daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Jini ya jiƙa garin katakon da ke ƙasa.

Ana naɗe hannun da riga, wani maƙwabci da ya shigo da gudu ya tambayi wanda ya ɗaura wuƙaƙen. Ɗaya daga cikin ma'aikata ya ce ai Baba ne, jiya da yamma. Bai faɗa da mugun nufi ba, abin da ya gani ya faɗa. Magaji yana tsaye riƙe da mukullin mota. Maganar ta zo masa har baki, sai ya ce a yi sauri a sa Dogo a mota.

Da ya dawo daga asibiti da la'asar, ya tarar da Baba shi kaɗai a gaban injin, murfin a buɗe. Tsohon ya sa yatsa biyu yana juya noti biyun ƙarshe, suna tafiya ba gardama.

"Na ɗaure su, Magaji," in ji shi. "Daga tsakiya na fara na fita gefe, na dawo na sake bi. Ban taɓa bi sau ɗaya na tashi ba."

Magaji ya kalli ƙasa ya ce tsautsayi ne, a bar wa Allah. Kafin a rufe shago ya aika da tsofaffin wuƙaƙen wurin mai washi.

Matarsa kaɗai ya faɗa wa gaskiyar abin, tana kwashe kwanuka bayan cin abinci. Ta ajiye abin da ke hannunta ta rufe ƙofa. Ta ce yanzu in ya fito ya faɗa, me zai dawo da hannun Dogo? Ta ce shi ne fuskar shagon, in aka ji mai shago bai iya ɗaure noti ba, wa zai sake kawo aiki, su wa za su ci da yaran? Baba kuwa tsoho ne, ba mai ganin laifinsa, kowa zai ce shekaru ne. Dama ai lokacin hutunsa ya yi, sai dai ba mai iya faɗa masa. Wataƙila ma alheri ne ya zo a haka.

Magaji bai ce ya yarda ba. Bai kuma ce bai yarda ba. Ya ce wa kansa sai Dogo ya fito daga asibiti tukuna.

Kwana uku bayan haka ƙanwarsa, Auta, wadda take aikin jinya a wani gari, ta iso hankali tashe. Ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata a waya. Ta kai Baba wurin likita, aka duba ido, aka yi masa tambayoyi, ya amsa duka, har ya gyara wa likitan kwanan wata. Likita ya ce tabarau kawai yake buƙata na karatu, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Auta ta ce ita ta san irin wannan, tana ganin su kullum a wurin aiki, da ƙananan abubuwa yake farawa kafin gwaji ya nuna. Ta ce gara a yi maganin abin tun bai kai ga rai ba.

A falo aka zauna. Auta ce ta yi maganar, tana kuka, tana riƙe da hannun Baba. Ta roƙe shi don girman Allah ya ba da mukullin shago ya zauna ya huta, sun gode, ya yi musu komai. Baba bai kalle ta ba, Magaji yake kallo, yana jiran ya ce wani abu. Daga bisani ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullin, ya ɗora a kan tebur. Ya ce in dai Magaji ma haka ya gani, to shi ke nan.

Satin farko yana tashi da sassafe yadda ya saba, ya yi wanka, ya sa kayan aiki, ya fito tsakar gida, sai ya tuna. Ya ja kujera ya zauna kusa da ƙofa, yana jin fitar mutane. Ya gyara ƙafar tebur, ya gyara sakatar banɗaki, ya nemi abin gyara ya rasa. Ranar da ya ɗauko akwatin kayan aikinsa zai saita ƙofar kicin, surukarsa, matar Magaji, ta karɓe da murmushi, ta ce Baba ai an ce ka huta, kada ka ji ciwo a ce ba mu kula ba. Akwatin bai sake dawowa ɗakinsa ba.

Daga nan gidan ya zama gidan masu sa ido. In Baba ya nemi hularsa, a kalli juna. In ya kira jika da sunan yayarsa, abin da kowane kaka yake yi, surukar ta kira Auta a waya ta faɗa mata. Mukullin babur ɗinsa ya ɓace, aka ce ai shi ya ajiye ya manta. Magaji ya san yana cikin durowar matarsa, ya gan shi da idonsa. Baba ya kwana biyu yana zazzage aljihu, yana ɗaga katifa, yana leƙa ƙarƙashin gado, yana cewa shi ga ƙusar da yake rataye shi nan. Aka ɗauke rezar askinsa. Aka hana shi kunna murhu ya dafa shayinsa. Aka gargaɗi yara kada su bi Kaka tsallaka titi, kuma aka yi gargaɗin yana ji.

Duk wannan da ladabi ake yinsa. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Abincinsa a kan lokaci, kayansa a wanke a goge. Masu zuwa gaisuwa suna fita suna sa wa gidan albarka.

Da aka sallami Dogo, Baba ya ce sai an kai shi. Magaji ya kawo uzuri iri iri, tsohon ya ce in ba za a kai shi ba zai tafi da ƙafa. Suka tarar da Dogo a zaune a ƙofar ɗakinsa, hannun a rataye a wuya, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, kuma likitoci sun ce ba lalle su dawo ba. Baba ya ƙi kujerar da aka ba shi. Ya durƙusa a gaban mutumin da shi ya koya wa riƙon zarto.

"Dogo, hannuna ne ya cuce ka. Ka yafe mini tun ina da hankalin roƙo."

Dogo ya rikice, yana ƙoƙarin ɗaga shi da hannu ɗaya, yana cewa haba Baba, haba Baba, ai kai uba ne. Matar Dogo ta juya baya tana share ido. Magaji yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, alhali ba mai kallonsa. Ya ce wa kansa ba nan ba ne wurin maganar, a gaban mace da yara. A mota kuma ya ce ba yanzu ba, tsohon ya gaji.

Saita wuƙaƙe ya dawo hannun Magaji. Sai da ya fara yi shi kaɗai ya gane cewa duk shekarun nan kallo kawai yake yi. Yakan kashe wuta daga tushe, ya kwance notuna, ya ciro wuƙa, ya goge ramin da take zama. Baba kan kankare ƙaron itace da ya daskare a ramin har sai ƙarfe ya yi ƙyalli, yana cewa ƙwayar datti ɗaya ta isa ta ɗaga wuƙa. Sai a zura sabuwa, a ɗora ma'auni a kan gangar, a danna wuƙar har bakinta ya taɓa ma'aunin dama da hagu daidai, kada gefe ya fi gefe ko da kaurin gashi. Sannan a ɗaure kaɗan kaɗan, don in aka matse noti ɗaya gaba ɗaya wuƙar takan ɗaga a ɗaya gefen. A yi wa ukun haka, a juya gangar da hannu a saurara, kafin a gwada da guntun katako.

Magaji ya san duk wannan a ka. Noti kam yanzu yana ɗaure su har sifana ta kusa lanƙwasa, ya rufe murfi, ya sake buɗewa ya taɓa. Amma ukun ba su taɓa zama daidai a hannunsa ba. Kullum ɗaya ta fi tsayi, ita kaɗai ke cin itacen, sauran biyun suna bin iska. Katako ya riƙa fitowa da gargada mai laushi, wadda ido ba ya gani sai an shafa fenti. Ma'aikata suka koma bi da takardar yashi.

Wata rana ya kawo wani ɗan benci gida don yara. Baba yana zaune a wurinsa, aka ajiye shi kusa da shi. Hannunsa ya kai kansa ba tare da ya yi niyya ba. Ya shafa sau ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya lumshe ido, ya ce wuƙa ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsayi, kuma gefenta na hagu ya ɗaga. Muryarsa ta fito irin ta da.

Surukar ta yi dariya daga bakin kicin, ta ce kai Baba, har yanzu dai ana nan ana saita inji daga kan kujera. Yara suka taya ta. Baba ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Wataƙila ni ne," in ji shi. "Yanzu ban san abin da hannuna yake faɗa mini ba."

Washegari Magaji ya ɗora ma'auni a kan wuƙa ta biyu. Gefen hagu ya ɗaga. Ya zauna a kan tarin katako ya daɗe bai tashi ba.

Abin da aka yi ta faɗa a kan Baba ya fara zama gaskiya. Yakan rufe famfo ya koma sau uku ya duba, sannan ya kira jikarsa ta duba masa. Ya daina zuwa wurin abokansa na bakin titi, wai kada ya faɗi wata magana a yi masa dariya. In aka tambaye shi ko ya sha magani, sai ya ce ku kuka sani. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da yake jin saitin inji daga ƙararsa tun daga bakin layi, ya koma tambayar surukarsa ko yau Laraba ce, ko da ya san Laraba ce. Auta ta zo ta gan shi ta fashe da kuka, ta ce kun gani ko, da ba mu yi da wuri ba fa?

Matar Magaji ma ta ce masa haka, suna su biyu. Ta ce ka ga dai ciwon dama yana nan, mu ba mu sa masa ba. Ya kalle ta, ya ga har cikin ranta ta fara yarda da abin da take faɗa. Ya yi sha'awar wannan sauƙin, amma shi bai same shi ba. Ya daina cin abinci tare da Baba. Yakan fita kafin tsohon ya fito, ya dawo ya gaishe shi daga bakin ƙofa, idonsa a kan takalminsa.

Wata bakwai aka yi a haka. Ranar wata Asabar da hantsi Magaji ya dawo ɗaukar wata takarda, ya tarar da Baba a ɗakinsa yana ƙoƙarin saka maɓallin riga. Ya saka daidai, ya ɓalle, ya sake sakawa, ya tsaya yana kallo. Da ya ga ɗansa ya ce zo ka duba mini, ko na karkace.

Magaji ya rufe ƙofa, ya zube a ƙasa a gabansa, ya faɗi komai. Tsohon katako, ƙusa, wuƙar da ta gutsure, waya, noti uku. Ya faɗi inda ya ɓoye wuƙar, ya faɗi inda mukullin babur yake. Yana magana yana kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ya jira mari, ko tsinuwa, ko a ce ya fita. Da ya sami ɗaya daga ciki da ya ji sanyi.

Baba ya ɗora hannu a kansa.

"Allah ya yi maka albarka, Magaji. Ka ga ubanka ya lalace, kana so ka ɗauke masa kaya. Amma kada ka yi wa kanka ƙarya saboda ni."

"Wallahi Baba gaskiya nake faɗa."

"Ni ma da haka nake rantsuwa na ɗaure su. Har yau ina ganin hannuna yana ɗaurewa. To ka ga abin da ake nufi da ciwon ke nan."

Magaji ya fita ya kira matarsa ya ce ta faɗi abin da ta sani. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli tsohon, ta kalli mijinta, ta ce ita dai ta san tun ranar da abin ya faru ba ya samun barci, yana ɗora wa kansa laifi. Auta kuwa a waya ta ce Yaya don Allah kada ka ƙara rikita shi, masu irin wannan ciwon ba a tayar musu da tsohon zance.

Magaji bai haƙura ba. Ranar Litinin ya sa Baba a mota ya kai shi shago. Ya tsayar da aiki, ya tara ma'aikata, har da Dogo wanda ya dawo yana karɓar masu kawo aiki da hannu ɗaya. Ya maimaita maganar a gabansu, bai rage komai ba. Ba wanda ya ɗago kai. Dogo ya kalle shi ya daɗe, sannan ya fita waje ya tsaya ya ba shagon baya.

Magaji ya kashe wuta, ya buɗe murfin injin, ya ɗauko ma'auni da sifana ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu. Baba ya matso. Ƙamshin itace ya cika masa hanci, idonsa ya bi gangar, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya ɗaga har ya kusa taɓa sifanar. Ya mayar da shi baya, ya riƙe shi da ɗayan.

"A'a," in ji shi a hankali. "Kada ka sa in sake nakasa ɗan wani. Mai da ni gida."

Aka mayar da shi gida. Aka dawo masa da mukullin babur, bai taɓa shi ba. Aka dawo da akwatin kayan aiki, ya ce a ba Magaji. Dogo ya bar shagon a ƙarshen watan, bai yi sallama da kowa ba sai Baba.

Ba a daki tsohon nan ba, ba a zage shi ba, bai taɓa kwana da yunwa ba. In da za a kai maganar gaban wani, ba tabo ko ɗaya da za a nuna a jikinsa. Mutum uku ne suka kewaye shi, ɗaya da tsoro, ɗaya da dabara, ɗaya da ƙauna, suka yi ta faɗa masa cewa bai san abin da ya sani ba, har ya yarda da su don 'ya'yansa ne. Har gobe maƙwabta in suna yi wa nasu 'ya'yan faɗa a kan kula da iyaye, gidan Magaji suke nunawa. Shi kuma in ya ji, sai ya ce na gode, ya sauya hanya.